Muryar Wani a Bakin Wani: Abin da Bukukuwan Ƙasa Ke Nunawa da Abin da Suke Ɓoyewa

Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san cewa da zarar watan Fabrairu ya kama, tun da hantsi ake fara jin ganguna daga filayen makarantu, daga Asawase zuwa Aboabo har Tafo, yara suna ta atisayen maci domin bikin 6 ga Maris, ranar da Ghana ta sami 'yancin kai a 1957. Ni malamin makaranta ne, na shafe shekaru ina tsayawa cikin ƙurar ƙarshen hunturu ina gyara sahu, ina duba safa da takalma da tsawon hijabi, kuma aiki ne da nake so har cikin zuciyata. Sai dai akwai shekara guda da ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu.

A shekarar, masu shirya bikin yankinmu sun nemi makarantarmu ta ba da yarinya ɗaya da za ta ja taken ƙasa a gaban manyan baƙi. Ba mu yi wata doguwar shawara ba, domin muna da ɗaliba 'yar shekara goma sha ɗaya wadda in ta ɗaga murya a taron safe har masu wucewa a bakin titi sukan sassauta tafiya. Mahaifiyarta koko take sayarwa, kuma tun yarinyar tana rarrafe tukunya ta kife mata, ya bar mata tabon ƙuna daga kumatun hagu zuwa wuya. Ranar gwaji ta rera, kowa ya yi tsit. Da aka tashi sai wata daga cikin masu shirya taron ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce: "Malam, ka yi haƙuri, muryar ba ta da na biyu, amma ka san za a ɗauka a talabijin." Shawararta ita ce a naɗi muryar yarinyar, ranar biki a sake ta ta lasifika, a tsayar da wata ɗalibar mai hasken fata a gaba da makirufo a kashe, tana motsa baki. Na yi ɗan musu da bai kai ya kawo ba, daga ƙarshe na yarda, saboda ina gudun a karɓe damar a ba wata makaranta.

Abin da muka yi a ƙaramin filinmu shi ne abin da ƙasar Sin ta yi a gaban duniya ranar 8 ga Agusta, 2008, wajen buɗe wasannin Olamfik na Bejin. A filin da ake kira Sheƙar Tsuntsu, mai ɗaukar mutum 91,000, wata yarinya 'yar shekara tara mai suna Lin Miaoke ta fito cikin jar riga tana rera waƙar yabon ƙasa yayin da ake shigo da tuta, hotonta kuma ya zagaya duniya kafin gari ya waye. Bayan 'yan kwanaki sai daraktan kiɗan bikin, Chen Qigang, ya bayyana a wata hira da gidan rediyon Bejin cewa muryar da aka ji ta wata ce daban, Yang Peiyi, 'yar shekara bakwai. Ya ce wani babban jami'in jam'iyya mai mulki ne ya halarci gwaji ya nemi a yi canji, kuma an yi hakan ne don maslahar ƙasa, saboda ana son yarinyar da za ta bayyana a kyamara ta zama ba ta da makusa. Jaridu suka ruwaito cewa haƙoran Yang Peiyi marasa daidaito da cikar kumatunta ne suka sa aka ajiye ta. Duk uwar da ta reni ɗa ta san cewa shekara bakwai lokacin famfara ne, giɓi a bakin yaro mai waɗannan shekaru kuwa alama ce ta girma da lafiya. Daga baya an kuma gane cewa yawancin sawayen wuta da masu kallon talabijin suka ga suna takowa ta sararin birnin zuwa filin, da kwamfuta aka haɗa hotonsu tun da wuri, kuma yaran da aka yi wa shigar ƙabilu 56 na ƙasar galibinsu 'yan ƙabilar Han ne mai rinjaye.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, adalci ne a fahimci dalilin da ke sa masu shirya manyan taruka su naɗi sauti tun kafin ranar, domin ba dukansu ne mayaudara ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka mawaƙin da ke tsakiyar babban fili yakan ji muryarsa ta dawo masa daga lasifikar da ke nesa bayan ya riga ya shiga kalma ta gaba, kuma in ba ƙwararre ba ne sai ya rikice. Wanda ya taɓa sallar Idi a sahun ƙarshe na babban fili ya san wannan, domin yakan ga na gaba sun yi ruku'u kafin kabbarar ta iso kunnensa. Ga iska da ke kaɗa makirufo, ga wutar lantarki da ka iya ɗaukewa, ga tashoshin talabijin da suka tsara shirinsu daƙiƙa bayan daƙiƙa. A ƙasashe masu tsananin sanyi kuma kayan kiɗan tsirkiya sukan saki, yatsun makaɗa su ƙage. Wannan ne ya sa a ranar 20 ga Janairu, 2009, wajen rantsar da Barack Obama a Washinton, makaɗa huɗu da suka haɗa da Yo-Yo Ma da Itzhak Perlman suka bi sautin da su da kansu suka naɗa 'yan kwanaki kafin bikin. Haka Luciano Pavarotti ya yi a buɗe wasannin hunturu na Turin ta Italiya a watan Fabrairun 2006, yana ɗan shekara 70 cikin daren sanyi, kuma sai bayan rasuwarsa a 2007 jagoran makaɗansa ya faɗi gaskiyar lamarin. Beyoncé ma ta amince cewa ta bi muryarta da aka naɗa lokacin da ta rera taken Amurka a rantsar da Obama karo na biyu a 2013.

A duk waɗannan, muryar da aka ji ta wanda aka gani ce. Ana iya cewa da sun sanar da jama'a tun farko da ya fi, kuma na yarda da haka, amma ba a ƙwace haƙƙin kowa ba. Lamarin buɗe wasannin Olamfik na Sidni ta Ostireliya a shekarar 2000 ya ɗara wannan muni, domin makaɗan birnin da aka gani a fili suna bin sautin da aka naɗa ne, wani sashe nasa kuma makaɗan birnin Melbon ne suka kaɗa shi, ba a kuma bayyana haka ba sai bayan shekara takwas. Na Bejin shi ya fi ci mini rai, saboda dalilinsa ba sanyi ba ne ko iska ko amsa-kuwwar fili. An dubi yarinya ƙarama aka ce muryarta ta isa ta wakilci ƙasa amma fuskarta ba ta isa ba, sannan aka dubi wata aka ce fuskarta ta isa amma muryarta ba ta isa ba. Yara biyu aka zalunta a dare ɗaya, kuma Lin Miaoke, wadda ba ita ta yanke shawarar ba, ta sha zagi a intanet na tsawon shekaru kan abin da manya suka ƙulla.

Wani zai ce ai mu ma mun saba da aron murya, me ya yi zafi? Gaskiya ne mun saba, kuma a nan ne nake ganin mabuɗin al'amarin yake. Wanda ya taɓa zuwa fadar Manhyia ta sarkin Asante ranar bikin Akwasidae ya ga okyeame, wato kakakin sarki, riƙe da sandarsa mai kan zinariya, yana karɓar maganar Otumfuo, wato sarkin, yana isar da ita ga jama'a, yana kuma karɓar ta jama'a ya miƙa wa sarki. A fadar Sarkin Zango, wato unguwarmu ta baƙi da Hausawa, muna da sanƙira mai irin wannan aiki. A wajen tafsirin watan azumi mai jan baƙi yana karanto aya malam yana fassarawa, a babban masallaci kuma ladan yana maimaita kabbarar liman don na baya su ji. Hatta a finafinan Hausa da ake kallo a gidajen Zango, kowa ya san ɗan wasa mamin yake yi, mawaƙin daban ne, an san sunansa, ana gayyatarsa biki ya yi wasa da kansa a biya shi. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne babu ɓoye-ɓoye. Okyeame yana tsaye a fili da sandarsa, mutum ne mai matsayi, ba wanda ya tura shi bayan labule don gudun kada a ga fuskarsa. Mai sauraro ya san wa ke magana kuma a madadin wa, saboda haka ba a yi masa algus ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, cewa ya yi me ya hana a ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Sayar da jiƙaƙƙen hatsi bai haramta ba, rufe shi da busasshe ne laifin.

Tarihin kiran salla ma yana da abin cewa a nan. Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ga lafuzzan kiran a mafarki, amma Annabi ya umarce shi ya koya wa Bilal, saboda muryar Bilal ta fi tasa kaiwa nesa. Aikin murya ne, sai aka ba mai murya, ya tsaya da kansa inda za a gan shi. Ranar da aka ci Makka, Bilal, baƙin mutum ɗan asalin Habasha wanda ya taɓa zama bawa, shi ya hau kan Ka'aba ya yi kira, a kan idon manyan Ƙuraishawa waɗanda wasunsu abin ya yi musu ciwo. Wannan babban taro ne na nuna wa Larabawa sabuwar al'umma, kuma da ana bin lissafin masu shirya bukukuwan zamaninmu da wani aka ɗora can sama.

Ba ina cewa a daina kula da ado a taron ƙasa ba. Mu da muke ɗinka wa yara sababbin kaya kowace Salla, muke fita hawa da rawuna da manyan riguna, ba za mu ƙi tsafta da tsari ba. Malami yana da iko ya ce a wanke kayan makaranta a goge su, a share takalmi, sahu ya miƙe, hannaye su tashi tare, domin waɗannan abubuwa ne da kowane yaro zai iya cimma da ƙoƙarinsa, ɗan mai kuɗi da ɗan mai koko. Haƙori da launin fata da tsawo da tsagar gado a kumatu da tabon ƙuna da shanyewar ƙafa kuwa halitta ce ko ƙaddara, ba yadda yaro zai yi atisaye ya canza su. Da zarar ma'aunin zaɓe ya tashi daga ado ya koma halitta, an daina horar da yara an koma tace su. Ma'aunin kuma ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka ƙaga shi, shi ya sa yake sauyawa daga wuri zuwa wuri: wushiryar da wani likitan haƙori a Turai zai so ya toshe, a wurinmu abin yabo ce da mawaƙa ke wasa mace da ita. Na daɗe ina lura da 'yan matan da ake zaɓa su miƙa wa babban baƙo fure ko su raka manya kujerunsu a taruka, kuma sau da yawa masu hasken fata ne a ƙasar da galibin mutanenta baƙaƙe ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da mayukan bilicin masu sinadarin haidrokwinon a 2016, matakin kuma ya dace, amma doka ba za ta iya da kasuwar da mu da kanmu muke yi wa talla ba. Yarinyar da ta ga wadda ake sawa gaba kowace shekara ta riga ta ɗauki darasi, ba ta bukatar wani ya gaya mata abin da za ta saya a kasuwar Kejetia in ta girma.

Me ya sa gwamnatoci ke shiga wannan hali? Ina ganin tsoron raini ne, kuma ƙasashen da suka taɓa ɗanɗana mulkin mallaka ko wulaƙancin baƙi sun fi fama da shi. Sin ta nemi karɓar wasannin shekarar 2000 ta sha kaye a hannun Sidni da ƙuri'a biyu kacal a 1993, sai a 2001 ta samu, kuma tana ɗauke da tarihin da ya faro tun Yaƙin Ofiyom na 1839, lokacin da Turawa suka tilasta mata buɗe tashoshin ruwanta. Daren 8 ga Agusta a wurinta dare ne na cewa ta dawo, shi ya sa aka tara makaɗan ganga 2,008 suna bugu kamar mutum ɗaya. Mu ma mun san wannan ji. Dandalin Black Star na Accra an kammala shi a 1961, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta kawo ziyara, kuma duk lokacin da za a karɓi gasa, kamar kofin Afirka na 2008 ko wasannin Afirka na watan Maris 2024, sai ka ga an shiga fenti da share tituna da tashin masu talla daga bakin hanya. Share gida don baƙo tarbiyya ce, baƙonka annabinka. Amma mutanen Zango sun san yadda sharar kan wuce shara ta kai ga mutane, domin mu ne sau da yawa ake ɗauka a matsayin ɓangaren garin da bai kamata baƙo ya gani ba, kuma tsofaffinmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, lokacin da aka tambayi mutanen da aka haifa a nan takardar shaidar zama. Saboda haka tambayar wace fuska ce ta dace da tuta, a wurinmu ba zancen kwalliya ba ne kawai.

Abin da masu wannan lissafi ba sa hangowa shi ne yakan jawo ainihin kunyar da ake gudu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, zanen aro kuma ba ya rufe katara. An kashe maƙudan kuɗi an yi shekaru ana shirya bikin Bejin, mutum kusan 15,000 suka yi wasa a cikinsa, amma har yau in an ambace shi sai an tuno yarinyar da aka ɓoye. A wancan lokacin sai da wani na ciki ya yi magana aka sani, yanzu kuwa kowane mai kallo yana riƙe da waya, kuma bidiyon leɓen da ya saɓa wa sauti zai zagaya WhatsApp kafin babban baƙo ya shiga motarsa. A wannan daren na Bejin kansa akwai abin da ya rushe hujjar masu canjin. Lokacin da tawagar Sin ta shigo fili, ɗan wasan ƙwallon kwando Yao Ming yana riƙe da tuta, a gefensa kuma wani yaro ne ɗan shekara tara, Lin Hao, wanda ya tsira daga girgizar ƙasar Sichuwan ta watan Mayun shekarar bayan ya taimaka wajen ceto 'yan ajinsa, da tabon rauni a kansa inda gashi bai fito ba. Ba a rufe tabon ba, kuma wannan hoton yana cikin waɗanda suka fi taɓa zukatan masu kallo.

Mu a Ghana muna da misalin da ya fi wannan kusa. A daren da aka ayyana 'yanci a tsohon filin Polo na Accra, Kwame Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa, irin su Kojo Botsio da Komla Gbedemah da Krobo Edusei, sun hau dandamali sanye da fugu, rigar saƙi ta Arewa, yankin da a lokacin aka fi sani da samar da 'yan ƙwadago ga gonakin koko da ramukan zinariya na Kudu. Suna da kwat, suna da kente, duniya kuma tana kallo, ga wakilan ƙasashe sun cika gari. Suka zaɓi rigar mutanen da ake rainawa ta zama hoton farko na sabuwar ƙasa, hoton kuma ya zauna daram har yau. Irin wannan tunani na gani lokacin da aka fitar da babban faretin 6 ga Maris daga Accra zuwa Tamale a 2019, sannan aka kawo mana shi filin Baba Yara a nan Kumasi a 2020, yaran da ba su taɓa zaton za su yi maci a gaban shugaban ƙasa ba suka yi.

Abin da nake roƙon masu shirya taruka, tun daga na ƙasa har na makarantun Islamiyya da walimar saukar karatu, ba mai wuya ba ne. In fili ƙarami ne kuma na'ura tana da kyau, a bar yaro ya rera kai tsaye, ko da muryarsa za ta yi rawa a baitin farko, domin jama'a suna jin wannan rawar suna kuma ƙara son yaron saboda ita. In larura ta sa dole a naɗa, to mai muryar shi zai riƙe makirufo, mai gabatarwa kuma ya faɗa wa taro a jimla ɗaya cewa an naɗi sautin tun jiya saboda iska ko girman fili. In ana son yara biyu, a tsayar da su tare a kira sunan kowace da aikinta, kamar yadda ake sanin malam da mai jan baƙinsa.

A namu bikin, komai ya tafi yadda aka tsara. Lasifika ta saki muryar, yarinyar da ke gaba ta motsa baki daidai, manyan baƙi suka yi tafi, aka yaba wa makarantarmu. Mai muryar tana can sahu na uku cikin 'yan amshi, na hango ta tana bin waƙarta a hankali, idonta a ƙasa. Bayan an watse ina tattara tutoci sai ga mahaifiyarta, ta bar tukunyar kokonta a hannun maƙwabciya tun asuba, ta ɗaura sabon zane don ta zo ta gani. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ta ce: "Malam, muryar 'yata na ji, amma na duba ban gan ta ba. Ko ta yi wani laifi ne?" Na ce mata ba ta yi laifin komai ba, laifin namu ne, na kuma gaya mata duk yadda aka yi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce Allah ya kyauta, ta kama hannun 'yarta suka nufi tashar mota. Da shekara ta zagayo aka sake neman mai jan take, na kira yarinyar na ce wannan karon ita za ta tsaya a gaba ko kuma makarantarmu ta haƙura. Ta sunkuyar da kai ta ce: "Malam, a ba wata."